Yadda Iska Ke Ƙara wa Sanyi Kaifi da Haɗarin Daskarewar Fata: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙasashen da sanyi ke sauka ƙasa da sifili, irin su Kanada da arewacin Amurka da Rasha da arewacin Turai, masu hasashen yanayi sukan ba da lambobi biyu a lokacin sanyi. Ta farko ita ce abin da ma'aunin zafi ya nuna, ta biyu kuma ita ce sanyin iska, wato abin da fatar mutum za ta ji idan iska tana kaɗawa. Ɗalibai da ma'aikata da baƙi da suka je can daga ƙasashe masu zafi sukan dubi ta farko su raina ta biyu, alhali kuwa ta biyun ce take nuna ko fitar rabin awa za ta ƙare lafiya ko a gadon asibiti. Duk lambobin da ke cikin amsoshin nan na ma'aunin Salshiyos ne, sai inda aka faɗi akasin haka.

Me ya sa sanyi ya fi ratsa jiki idan ana iska, alhali ma'aunin zafi bai motsa ba?

Jikin ɗan Adam yana ƙona abinci dare da rana domin ya riƙe zafin cikinsa a wajen digiri 37, kuma wani kaso na wannan zafi yana fita ta fata ba tsayawa. Idan gari ya yi tsit babu iska, zafin da ya fito yakan ɗumama siririyar iskar da ke manne da fata, sai ta zama ɗan shamaki tsakanin jiki da sanyin waje. Shamakin ba shi da wani kauri, amma yana amfani, domin iskar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta ɗauke zafi da sauri. Da zarar iska ta taso sai ta share wannan ɗumi ta kawo wata mai sanyi a gurbinsa, jiki ya sake ɗumama ta, a sake sharewa, haka dai har fata ta kasa mayar da abin da ake kwashe mata. Duk wanda ya taɓa hura kunu mai zafi a ludayi kafin ya kai baki ya riga ya san wannan aiki, domin ba sanyi ya zuba wa kunun ba, ɗumin da ke kansa ya kora.

Akwai kuma batun danshi. Idan fata ta jiƙe da gumi ko ruwa ko narkakkiyar dusar ƙanƙara, iska tana busar da ita, kuma ruwan da yake bushewa da zafin jiki yake tafiya. Shi ya sa mutumin da ya jiƙe ya fi busasshe wahala nesa ba kusa ba, ko da suna tsaye kafaɗa da kafaɗa.

Idan an ce sanyin iska ya kai 30 ƙasa da sifili, me ake nufi?

Ba ana nufin iskar waje ta kai wannan sanyi ba ne. Lambar kwatance ce, kuma ma'anarta ita ce fuskar da ba a rufe ba tana zubar da zafi a wannan iska kamar yadda za ta zubar a ranar da babu iska amma ma'auni ya sauka zuwa 30 ƙasa da sifili. Idan ma'auni ya nuna sifili daidai kuma iska tana gudun kilomita 30 a awa, sanyin iska yana wajen 6 ƙasa da sifili. Idan ma'aunin ya nuna 10 ƙasa da sifili, wannan iska za ta mayar da shi kamar 20, idan kuma 20 ne sai ya koma kamar 33. Saboda lambar ba ainihin zafin iska ba ce, hukumar yanayi ta Kanada ba ta maƙala mata alamar digiri.

Wanda ke zaune a Amurka yana da ƙarin abin lura, domin can da ma'aunin Farenhait ake aiki, inda ruwa ke daskarewa a 32. Sifili na Farenhait kusan 18 ne ƙasa da sifili a Salshiyos, don haka baƙon da ya ji an ce sifili a rediyo ya ɗauka sanyin da ruwa ke fara daskarewa ne ya yi babban kuskure. Ma'aunan biyu ba sa haɗuwa sai a 40 ƙasa da sifili.

Wa ya fara auna wannan abu, kuma ta yaya aka samo lissafin?

Asalin lissafin daga nahiyar Antatika yake. A balaguron binciken da Amurka ta tura can daga 1939 zuwa 1941, masana biyu, Paul Siple da Charles Passel, sun riƙa zuba ruwa a wata 'yar gorar roba suna rataye ta a waje, suna duba tsawon lokacin da ruwan ke ɗauka kafin ya daskare a yanayin sanyi da iska iri-iri. Sun wallafa sakamakon a 1945, kuma shekaru da dama a kansa aka dogara, musamman a rundunonin soja.

Sai dai gorar ruwa ba mutum ba ce. Ba ta da jini mai kawo ɗumi daga ciki, ba ta da kitse, ba ta kuma tafiya. Ban da haka, gudun iskar da ake sakawa a lissafin daga na'urar da ke kan dogon ƙarfe mai tsayin mita 10 ake ɗauko shi, alhali a daidai tsayin fuskar mutum iska ba ta kai wannan ƙarfi ba saboda gine-gine da itatuwa da ita kanta ƙasa suna rage mata gudu. Sakamakon haka tsohon lissafin yakan zuzuta sanyin fiye da kima, kuma wannan ma haɗari ne, domin mutumin da aka ce masa sanyi ya kai 40 ya fita ya dawo lafiya zai daina jin tsoron 40 na gaske.

A 2001 hukumomin yanayi na Kanada da Amurka suka haɗa kai suka sake lissafin, ƙarƙashin aikin Randall Osczevski na cibiyar binciken tsaro da ke Toronto da Maurice Bluestein na wata jami'a a Indianapolis. Wannan karon da mutane aka gwada. An sami masu sa kai goma sha biyu, maza shida da mata shida, aka shigar da su wani ɗaki mai sanyi da ake hura iska a cikinsa, suna tafiya a kan injin da ke juyawa ƙarƙashin ƙafa da gudun kilomita 4.8 a awa, an manna musu na'urori a goshi da kumatu da haɓa da hanci, har da cikin kunci, domin a ga yadda zafi ke zurarewa daga fuska. A wani zagaye na gwajin ma ana fesa musu ruwa a fuska a kai a kai. Sabon lissafin ya fara aiki a ƙarshen 2001, ya daidaita gudun iska zuwa tsayin fuska, wato wajen mita ɗaya da rabi, kuma shi ake amfani da shi har yau. Ba ya aiki sai zafin gari ya sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa, iska kuma ta wuce gudun kilomita 4.8 a awa.

Shin duk lokacin da iska ta ninka gudu, sanyin ma ninkawa yake yi?

A'a, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki. Iskar farko ce ta fi ɓarna. A ranar da ma'auni ya nuna 20 ƙasa da sifili, 'yar iska mai gudun kilomita 10 a awa, wadda da ƙyar take kaɗa ganye, ta isa ta kai sanyin iska zuwa 27. Idan ta kai kilomita 20 sai ya zama 30, amma daga kilomita 60 zuwa 70 bambancin bai wuce daga 36 zuwa 37 ba. Dalili shi ne da zarar an share ɗumin da ke kan fata, abin da ya rage wa iska ta kwashe kaɗan ne. Saboda haka ranar da ake ganin iskar ba ta taka kara ta karya ba ita ce ta fi yaudara.

Ba dole ne kuma iskar ta zo daga sama ba. Mai keke ko babur da mai gudun motsa jiki da wanda ke zaune a bayan buɗaɗɗiyar mota duk suna ƙirƙiro wa kansu iska da gudunsu, ko da gari a tsaye yake cik.

Iska za ta iya daskarar da ruwan famfo ko na lagireton mota idan ma'auni yana sama da sifili?

Ba za ta iya ba. Iska tana gaggauta hucewar abu ne zuwa daidai sanyin gari, ba ta wuce da shi ƙasa da haka. Idan ma'auni ya nuna digiri 3 sama da sifili, sanyin iska kuma ya nuna 4 ƙasa da sifili, ruwan bututu zai huce da wuri amma zai tsaya a 3. Haka ita ma fatar mutum: ba ta daskarewa sai ainihin sanyin gari ya sauka ƙasa da sifili, duk yadda iska ta kai ga ƙarfi.

Mene ne ke faruwa a cikin jiki idan fata ta daskare?

Jiki yana da abin da ya fi so ya tsare, wato zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Idan ya ji zafinsa yana zurarewa sai ya matse ƙananan jijiyoyin jini da ke kusa da fata, musamman na gaɓoɓin da ke nesa da ƙirji, domin ya tattara jini mai ɗumi a tsakiya. Wannan dabara tana ceton rai, amma a kan yatsun hannu da na ƙafa da kunnuwa da hanci da kumatu da haɓa take ƙarewa, domin su ne ake yanke wa ɗumi a daidai lokacin da suka fi buƙatarsa. Jiki yakan ɗan yi musu sassauci, ya buɗe jijiyoyin na ɗan lokaci ya sake rufewa, abin da likitan Birtaniya Thomas Lewis ya bayyana a 1930, amma idan sanyi ya ci gaba wannan sassauci yakan ƙare.

Daga nan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halittar tsoka ya fara zama ƙanƙara. Ƙanƙarar tana janyo ruwa daga cikin ƙwayoyin har su motse, tsininta kuma yana yayyaga su. Ɓarnar ba a nan take tsayawa ba, domin bangon ƙananan jijiyoyin jini ma yakan lalace, kuma idan aka ɗumama wurin jini ya dawo sai a sami kumburi da gudajin jini da ke toshe hanyoyin. Wani babban kaso na naman da ake rasawa a wannan mataki na biyu yake mutuwa, sa'o'i ko kwanaki bayan mutum ya shigo ɗaki yana ganin ya tsira. Wannan ne ya sa likitoci suke damuwa da abin da aka yi a sa'o'in farko.

Minti nawa ake ɗauka kafin fatar da ke buɗe ta daskare?

Hukumar yanayi ta Kanada ta kasa haɗarin mataki-mataki. Daga sifili zuwa 9 ƙasa da sifili haɗarin kaɗan ne. Daga 10 zuwa 27 akwai haɗari ga wanda ya daɗe a waje ba tare da isasshiyar sutura ba. Daga 28 zuwa 39 fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, daga 40 zuwa 47 cikin minti 5 zuwa 10, daga 48 zuwa 54 cikin minti 2 zuwa 5, abin da ya kai 55 ko ya wuce kuwa ƙasa da minti biyu ya isa. Idan aka lura, amfanin lambar sanyin iska na gaskiya shi ne ta faɗa wa mutum lokacin da yake da shi, kuma ya fi kyau a karanta ta a matsayin agogo. Minti goma bai kai jiran motar haya ɗaya ba.

Waɗannan lambobi ba na tsakiyar daji kaɗai ba ne. A ƙarshen Janairun 2019 sanyin gari a birnin Shikago ya kai wajen 30 ƙasa da sifili, sanyin iska kuma ya wuce 45, har hukumar gidan waya ta Amurka ta dakatar da kai wasiƙu a sassan wasu jihohin yankin. A Fabrairun 2023 kuwa tashar yanayi da ke kan tsaunin Washington a jihar New Hampshire ta ga sanyin iska na wajen 78 ƙasa da sifili.

Ta yaya mutum zai gane fatarsa ta fara daskarewa, musamman mai baƙar fata?

Da farko wurin yana yin zafi da tsikari, kamar ana soka allura. Muddin ana jin wannan zafi da sauran dama. Alamar da ya kamata ta tsorata mutum ita ce lokacin da zafin ya ɗauke, wurin ya mutu ba a jin komai, domin da yawa sukan ɗauka sun saba da sanyin ne alhali jijiyoyin da ke kai saƙo ne suka daina aiki. Hannu yakan yi nauyi, a kasa ɓalle maɓalli ko riƙe makulli.

Yawancin bayanan da ake rabawa a ƙasashen sanyi suna cewa a duba ko fata ta yi ja sannan ta yi fari, kuma wannan ya fi fitowa fili ne a farar fata. A baƙar fata wurin yakan yi fari-fari ko toka-toka, ya dushe fiye da fatar da ke kewaye da shi, wani lokaci ma launin ba ya nuna komai sai an duba da kyau a haske. Saboda haka ya fi dacewa a dogara da taɓawa: fatar da ta yi tauri, ta yi santsi kamar kakin zuma, ba ta motsi a kan ƙashi yadda ta saba, ta daskare. Idan sama-sama ne, naman ƙarƙashi yana nan da laushi. Idan ya yi zurfi, yatsan gaba ɗaya yakan sandare kamar itace. Bayan an ɗumama, bororo mai farin ruwa yana nuna ɓarnar ba ta yi nisa ba, mai jini a ciki kuma yana nuna ta shiga ciki. Tun da mutum ba ya ganin kunnensa da hancinsa, masu aiki a waje sukan riƙa duba fuskokin juna.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Marasa matsuguni da masu aikin waje da sojoji da masu hawan tsaunuka su ne a gaba. Sai yara ƙanana da tsofaffi, da masu ciwon suga ko wata cutar da ke rage gudun jini ko ji a ƙafa, da masu shan taba, domin taba tana ƙara matse jijiyoyi. Giya kuwa tana buɗe jijiyoyin fata mutum ya ji ɗumin ƙarya alhali zafinsa zurarewa yake yi, sannan ta ɗauke masa hankalin da zai nemi mafaka. Gajiya da yunwa da ƙishirwa duk suna ƙara haɗarin. Masu cutar sikila suna da nasu dalilin taka-tsantsan na daban, domin sanyi yana cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwo tun kafin a kai ga maganar daskarewa.

Binciken da aka yi a rundunonin sojan Amurka da na Birtaniya ya nuna cewa sojoji 'yan asalin Afirka sun fi takwarorinsu Turawa kamuwa da raunin sanyi, ko da horo da sutura iri ɗaya ne. Ba abin jin kunya ba ne, don haka, ɗan Afirka ya rufe hannu da kunne a ranar da abokan aikinsa 'yan ƙasa suke yawo kai a buɗe.

Rashin sanin wurin shi ma yana kisa. A jajibirin Kirsimetin 2016 wasu 'yan Ghana biyu masu neman mafaka suka ƙetara da ƙafa daga Amurka zuwa Kanada ta kusa da garin Emerson na lardin Manitoba, yankin da yake fili ne fetal babu abin da ke tare iska. Sun shafe sa'o'i cikin dusar ƙanƙara kafin wani direban babbar mota ya tsaya ya nema musu agaji, kuma a asibitin Winnipeg ɗaya ya rasa dukkan yatsun hannunsa, ɗayan ma kusan dukkansu. A Janairun 2022 an tsinci gawarwakin wasu 'yan Indiya huɗu 'yan gida ɗaya, har da yara biyu, a wannan yanki, 'yan mitoci kaɗan daga kan iyaka.

Me ya kamata a yi wa wanda gaɓarsa ta daskare, me kuma ya kamata a guje wa?

A shigar da shi inda babu iska, a cire masa jiƙaƙƙun kaya da zobe da agogo tun kafin kumburi ya taso. Idan abin sama-sama ne, ɗumin jiki ya isa: a sa yatsu a hammata, a rufe kunne ko hanci da tafin hannu mai ɗumi. Idan ya wuce haka, asibiti ne maganinsa, amma idan asibiti ya yi nisa sai a tsoma gaɓar a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 na wajen rabin awa, har sai ta yi laushi, ana ƙara ruwan ɗumi idan ya huce. Wani mai lafiyayyen hannu ne zai gwada ruwan, domin shi majiyyacin ba ya ji, zai iya ƙonewa bai sani ba. Dawowar jini tana da zafi ƙwarai, kuma ana ba da maganin rage ciwo na ibuprofen ga wanda ba a hana shi sha ba. Bayan haka a tsane wurin a hankali, a sa ƙyalle mai tsabta tsakanin yatsu, a ɗaga gaɓar sama.

Kada a murza wurin, kada a gasa shi a wuta ko hita ko salansar mota, kada a fasa bororo. Kada kuma a narkar da gaɓar idan akwai yiwuwar ta sake daskarewa kafin a isa mafaka, domin daskarewa ta biyu ta fi ta farko muni sosai. Gara mutum ya taka daskararriyar ƙafa ya kai inda za a taimake shi da ya narkar da ita a hanya.

Tsohuwar shawarar nan ta a goga wa wurin dusar ƙanƙara tana da tarihi. Dominique Larrey, babban likitan rundunar Napoleon, sarkin Faransa, ya ga yadda gaɓoɓin sojoji suke ruɓewa bayan sun gasa su a wuta da dare sun sake daskarewa da safe, a lokacin janyewarsu daga Masko a 1812. Sai ya ɗora laifin a kan zafi, ya ba da shawarar gogawa da dusar ƙanƙara. An bi wannan fiye da shekara ɗari, har sai da aikin likita William Mills a Alaska, a tsakiyar ƙarni na ashirin, ya nuna cewa ɗumamawa da sauri a ruwan ɗumi ita ce ke ceton gaɓa.

Idan kuwa mutumin yana rawar ɗari mai tsanani, ko maganarsa ta fara sarƙewa, ko yana tangaɗi da gyangyaɗi da ruɗewa, to zafin cikin jikinsa ne ya faɗi ƙasa da digiri 35. Wannan ya fi yatsu gaggawa, domin rai yake ɗauka. A kira motar asibiti, a lulluɓe ƙirji da ciki da kai tukuna.

Me ya sa likitoci ba sa saurin yanke yatsan da ya yi baƙi?

Saboda a kwanakin farko ba a iya rabe naman da ya mutu da wanda zai farfaɗo, kuma sau da yawa abin da ya yi kama da ya lalace gaba ɗaya yakan warke daga ƙarƙashi, baƙin ɓawon ya faɗi. Akan jira makonni, wani lokaci watanni, sai iyakar ta fito fili, sai dai idan ƙwayoyin cuta sun shiga. Inda ake gaggawa shi ne a farko: akwai magungunan narkar da gudajin jini da suka fi amfani idan an ba da su cikin sa'o'i 24, akwai kuma iloprost mai buɗe jijiyoyi, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin wannan ciwo a Fabrairun 2024. Wanda ya zauna a gida yana jiran ya ga abin da hali zai yi yana iya rasa wannan dama. Gaɓar da ta taɓa daskarewa kuma takan rage jure sanyi, wasu ma sukan yi shekaru suna fama da zogi ko mutuwar ji a wurin.

Wace irin sutura ce ke tare iska, kuma shafa mai yana karewa?

Kaya uku marasa nauyi sun fi babbar riga ɗaya, domin iskar da ke maƙale tsakaninsu ita ce ke riƙe ɗumi. Na ciki ya zama mai janye gumi daga fata, na tsakiya na ulu ko makamancinsa, na waje kuma wanda iska ba ta ratsa shi. Auduga, wadda ta fi komai daɗi a ƙasar zafi, ita ce mafi muni a jikin fata a can, domin tana shan gumi ta riƙe. Safar hannu mai haɗa yatsu huɗu wuri ɗaya ta fi mai raba su ɗumi. Takalmin da ya matse saboda an cusa safa uku yana tare jini, ya jawo abin da ake gudu. Hula dole ta rufe kunne, a kuma naɗe hanci da baki. Kada a taɓa ƙarfe da hannu tsirara, kada kuma fetur ya zuba a fata, domin ba ya daskarewa a sanyin da ruwa ke daskarewa, kuma yana bushewa nan take ya tafi da zafin wurin.

Mai alwala ya tsane fuska da gemu da kunnuwa da tsakanin yatsu sosai kafin ya fita zuwa masallaci, ya kuma tabbata ƙafarsa ta bushe kafin ya sa safa.

Man shafawa kuwa, ko basilin ne ko man kaɗe, yana maganin bushewa da kaushi, amma ba ya hana daskarewa. Binciken da aka yi a kan matasan sojojin Finland ya gano cewa masu shafa mai a fuska da kunne ba su tsira ba, hasali ma sun fi kamuwa, kuma ana ganin man yana sa mutum ya ji kamar ya kare kansa sai ya bar fuskarsa a buɗe.

Hunturun ƙasar Hausa yana iya daskarar da fata?

A Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da Maraɗi sanyin hunturu ba ya sauka ƙasa da sifili, don haka fashewar leɓe da faso da haɓo da ake fama da su aikin bushewar iska ne. Amma iskar tana kwashe zafin jiki kamar ko'ina. A safiyar da ma'auni ya nuna digiri 10, abin da ake iya gani a Jos a Disamba ko Janairu, iska mai gudun kilomita 40 a awa tana mayar da shi kamar 6, kuma irin abin da ɗan acaɓa ke sha ke nan tun daga asuba. Haɗarin da ke nan shi ne faɗuwar zafin jiki ga jarirai, musamman bakwaini, da tsofaffi da yaran da ke kwana a waje. Sai kuma garwashin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga, wanda ke fitar da guba marar wari mai kashe mutane cikin barci. Can arewa a duwatsun Azbin da tsakiyar hamada kuwa, dare yana iya kai wa daskarewar ruwa, kuma masu ƙetare hamada a bayan buɗaɗɗiyar mota suna haɗa wannan sanyi da iskar gudu.

Za a iya dogara da lambar sanyin iska ɗari bisa ɗari?

Lissafin an gina shi ne a kan baligi mai lafiya da ke tafiya, fuskarsa a bushe, babu rana. Hasken rana mai ƙarfi yana iya rage kaifin sanyin da maki 6 zuwa 10, jiƙewa kuma tana ƙara shi fiye da abin da lambar ta nuna. Gudun iskar ma yawanci a fili ake auna shi, sau da yawa a filin jirgin sama, alhali a cikin birni wani lungun a lafe yake, wani kuma tsakanin dogayen benaye iska tana matsewa ta ƙara gudu. Wanda zai tsaya a kan gada ko bakin tafki ko dandamalin jiran jirgin ƙasa ya ɗauka sanyin da zai tarar ya fi wanda wayarsa ta nuna, yaro ƙarami kuma a lissafa masa ƙasa da mintocin da aka ƙayyade wa babba.